Awa Ɗaya ta Mushe Ilyasu

Shekara talatin da ɗaya Mushe Ilyasu ya yi yana koyar da labarin ƙasa a lakwal, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, kuma tun da ya ajiye alli bai sami wanda zai saurare shi ba. Matarsa Samira ce take yi masa wannan haƙurin, ita ma bara Allah ya karɓi abarsa. 'Ya'yansa biyu suna Yamai, sai waya ranar Juma'a. Ga gida a Sabon Garin Maraɗi mai ɗaki huɗu, ga mutum ɗaya da rediyo.

A rediyon ya ji cewa ranar Asabar ta ƙarshen Maris mutane a ƙasashe da yawa za su kashe wuta awa ɗaya, daga takwas da rabi na dare, don tuna wa juna cewa duniya na ɗumama. Abin da ya kama shi a zancen shi ne kalmar “tare”. Ya daɗe bai yi wani abu tare da kowa ba, in ka cire sahun salla.

Sai ya tayar da tsohon motonsa mai ƙafa biyu, wanda shi ma ya isa hutu. Ya je Jiratawa wurin masu lambun zogale, ya yi musu bayanin yadda ruwan rijiya ke ƙara nisa. Suka ce wannan ai sun riga shi sani, su da ke ja. Ya je Tibiri wurin wani tsohon ɗalibinsa, aka ba shi fura da girmamawa, aka rako shi bakin hanya. Kowa ya ce in sha Allah, irin wadda ake faɗa wa mai tallan magani.

Maman Lawali tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar Mushe, shi bai iya ɓoye-ɓoye ba.

“Haba Mushe, mu da aka kashe muna ita kullum ba shawara? In lada aka samu da zama cikin duhu, ai mutanen Maraɗi mun gama shiga aljanna.”

Mushe ya yi dariya don kada a ce ya ji haushi. Amma ya ji.

Ranar Asabar bayan isha'i ya bi ɗakunan ya kashe komai, har fankar da ke taimakonsa da zafin bazara. Ya hau soro da kujera da agogo, yana so ya gani da idonsa ko gida ɗaya zai yi duhu saboda maganarsa. Gida ɗaya kawai yake roƙo.

Takwas da minti ashirin aka ɗauke wuta.

Gari duka ya yi ɗif, daga Sabon Gari har inda ido ya kai. Mushe ya zauna baki buɗe. Ga abin da ya yi mako biyu yana yawo a kai ya samu, kuma babu hannunsa a ciki ko na kowa. Can wajen unguwar Zariya injunan gidajen alhazai suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba, har ya kama kansa yana juyawa gefen dama zai ce wa Samira ta ga ikon Allah.

Tara da 'yan mintoci wuta ta dawo. Yara suka sa ihu, kowane gida ya haska, keken ɗinkin Maman Lawali ya ci gaba da ƙara. Mushe ya duba layin daga farko har ƙarshe. Gidansa ne kaɗai a duhu.

Yana saukowa ya ji ana buga ƙofa. Maman Lawali ne da tocila, tef ɗin awo na rataye a wuyansa.

“Mushe, lahiya? An kawo wuta hwa. Na ga gidanka shiru, na ce ko wani abu ya lalace, ko kuwa kai ne ba ka jin daɗi.”

“Lahiya lau. Ni na kashe.”

Sai tela ya tuna. “Au, yau ce ranar taku?”

“Ranar tawa dai,” in ji Mushe.

Maman Lawali ya waiga ya dubi shagonsa, inda ɗinkin biki ke jiransa. Ya sake duban tsohon, da tsakar gidan da ba kowa. Sai ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, ya kashe tocilar.

“To, ba ni labarin. Mi ya sami damina?”

Mushe ya fara a hankali. Ya faɗi yadda gulbi yake cika yana yaro, da itatuwan da ke kan hanyar Tibiri a da. Tela yana ta gardama, yana cewa sare su aka yi, ba zafi ya cinye su ba. Rabon da a yi wa Mushe gardama tun Samira na da rai, kuma daɗin da ya ji ba kaɗan ba ne.

Can Maman Lawali ya yi miƙa. “Awar nan taka, minti nawa ya rage?”

Mushe ya kusanto da agogon ga idonsa. Goma saura kwata, awar ta cika tun ɗazu.

“Da saura,” ya ce.