Yankan Farko

Dorkas ba ta kashe motar ba sai da ɗanta Yoram ya taɓa mata hannu. Sun iso ƙofar gidan mahaifiyarta, Oma Sien, a unguwar 'yan tsibiran Maluku da ke gefen garin Assen a Holand, amma hankalinta yana can asibiti. Likita ya ce suga ya kama yaron. Yaron da ko aure bai yi ba!

"Mama, kada ki faɗa wa Oma," in ji Yoram. "Yau bikin zagayowar ranar haihuwarta ne."

"To sai ka ci kek ɗinta, ko?"

"Zan san dabara."

Wace dabara? Ciwon nan ya san gidansu ciki da waje. Shi ya kai mahaifin Dorkas kabari, ya cinye wa Oma idanu da ƙafa guda, ita kanta Dorkas sai ta yi allura take karyawa. In an fito daga coci kuwa, hirar magani ake yi kamar hirar ƙwallo.

Falo ya cika maƙil. Ga shinkafa tuli, ga kifi, ga yaji. Ƙanin Oma, Om Bram, yana ta loda faranti yana cewa, "Ku ci, jama'a! Likita ba ɗan unguwar nan ba ne!"

Oma tana kan kekenta na guragu, gabanta kek ɗin nan mai hawa-hawa, man shanu da ƙwai da suga zalla. Da lalube ta kwaɓa shi. Tun asali yankan farko na babban jika ne, kuma daga hannunta yake karɓa. A barikin da aka zube iyayenta bayan jirgi ya kawo su Holand ta girma, ta san kwanan yunwa. A wurinta, wanda ya ƙi abincinka kai ya ƙi.

"Ina Nyong ɗina?" Haka take kiran Yoram tun yana ƙarami. Ta shafa fuskarsa. "Kai, ka rame! 'Yan matan Holand ba su iya komai ba sai dankali?"

Aka yi dariya. Dorkas ta san dalilin ramar, sai ta ji kamar ta kurma ihu.

Oma ta yanka, ta miƙo. Kafin Yoram ya ɗaga hannu, Dorkas ta fizge ta cusa a baki. Zaƙin ya hau mata kai.

Tsohuwar ta karkata kunne. "Wa ya karɓa? Wannan ba hannun jikana ba ne."

"Ni ce, Mama. Kwaɗayi ne ya kama ni."

"Ba ki da kunya! Uwa guda ki ƙwace daga bakin ɗanki? Ke da kike fama da suga, kashe kanki za ki yi? Ku ɗauke mata farantin nan!" Ta laluɓo wuƙa. "Shi lafiyarsa ƙalau, shi kaɗai ya tsira a gidan nan. Bar min shi ya ci."

Ta yanko wanda ya ninka na farko kauri, ta kai masa har baki da hannunta.

Dorkas ta buɗe baki. Yoram ya girgiza mata kai, a hankali. Ya sunkuya ya gutsura.

"Da daɗi, Nyong?"

"Da daɗi, Oma."

"Cinye, akwai ƙari."

Dorkas ta ɗauki jakarta ta shige kicin neman allurarta.