Allura a Babban Yatsa

Babban ɗana direban motar 'yan makaranta ne, yara goma sha takwas yake kwasa kullum. Shekara shida yana fama da ciwon suga. Watan jiya na raka shi asibiti, likita ta buga masa 'yar guduma a bayan idon sawu, ƙafar ko gezau.

Na ce, "Likita, me ake nema?"

Ta ce, "Mama, in kin taka ƙusa, tsayawa kike ki yi shawara? Saƙo ne ke bin jijiya kamar wuta a waya, ya kai lakar baya, ya juyo ya fizge ƙafar tun kai bai sani ba. To suga wayar yake ci. Ranar da ya daina jin tafin ƙafarsa ya bar tuƙi, don ba zai ji birki ba."

Shi ke nan na samu aiki. Kullum da safe bayan salla sai ya miƙe a doguwar kujera ya kau da kai, ni kuma in bi tafin da tsinken tsintsiya.

"Nan fa?"

"Na ji. Farar riga kawai ta rage miki, Mama."

Sati uku bai kuskure ko sau ɗaya ba, ina ta hamdala. Ran Talata na ɗago kai, sai na ga idonsa a gilashin talabijin, ga hannuna nan a ciki ƙarara. Ashe kallo yake, ba ji ba.

Na gyara tsayuwa na tare gilashin. Na zaro allura daga gefen ɗankwalina, na yi bisimilla, na soka a babban yatsa. Jini ya tsattsafo. Ƙafar tana nan kwance kamar ta wani.

"Mama, ki fara mana, bakwai ta kusa."

"Na gama. Dubi yatsanka."

Ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Kira mai makarantar," na ce.

"Mama, 'ya'ya huɗu gare ni."

"Na sani, ni na yi musu wankan farko. Sha takwas ɗin nan ma da iyayensu."

Na ɗebo ruwan ɗumi da auduga ina wanke yatsan, ina cewa Allah ka yafe mini, don an gargaɗe ni ciwon mai suga ba ya saurin warkewa. Ina durƙushe na ji ya gyara murya a waya.

"Ranka ya daɗe, ni ne. A nemo wani direba yau." Ya saurari amsa. "A'a, har da gobe."