Ruwan da Barsu Take Sha

A wata bazara, tun fatake na ratsa Tambuwal da jakuna su gangara Jega, tun Nasara ba su zo ba, rana ta yi wa mutanen Fakku abin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Rijiyoyi uku suka ƙafe. Ta huɗun kuwa maigari ya sa aka tsare, kowane gida tulu ɗaya a wuni.

Ɗangiwa maharbi ne, yana da karya guda mai suna Barsu, wadda ya rena tun idonta bai buɗe ba. In matarsa Tambaya ta ɗebo masa rabonsa, sai ya sha rabi, ya zuba wa karyar rabi a kasko. Ya tona mata ƙarƙashin rumbu har ya tarar da ƙasa mai sanyi don ta kwanta, ya kuma daina fita daji da ita, saboda yashi na ƙona mata tafin ƙafa. Duk da haka kullum harshenta a waje, haƙarƙari a fili.

Kwatsam sai ta bar haki. Takan ɓace da azahar, ta dawo da la'asar baki a jiƙe. Ran nan ma ta shinshina kaskon ta wuce abinta.

Tambaya ta ce, "Malam, ai abin godiya ne, ta samu mai ba ta."

Ya ce, "Wa ka ba kare ruwa a shekarag ga? Duk wanda yab ba ta, da abin da shika nema."

Zuciyarsa ta tafi kan Maccido, wani mai shanu da ke gefen gari. Da daminar bara Barsu ta ciji maraƙinsa, ya rantse a gaban jama'a sai ya ga bayanta. To ga shi kwanan nan in sun haɗu a masallaci, Maccido har da riƙe masa hannu, yana tambayar gida da iyali. Ɗangiwa ya san dabarar, don da ita yake kama namun daji: a saba wa dabba da wuri, ran da ta saki jiki a zuba mata guba. Ya riƙa buɗe bakin karyar yana duba dasashinta. Ya ɗaure ta, ta cinye igiyar.

Ran Alhamis ya rataya kwari da baka, ya bi ta daga nesa. Ta bi bayan gonaki, ta faɗa busasshiyar ƙorama, tana tsalle daga inuwa zuwa inuwa, har gindin wani ƙaton ɓaure. Can ya hango Maccido durƙushe, yana janye ƙaya daga bakin wani rami, ga 'yan maruƙa huɗu tsaye. Maccido ya cika ƙwarya ya ajiye wa Barsu.

Ɗangiwa ya daka tsawa, "Kada ta sha!"

Maccido ya zabura. Da ya ga kibiya a kan baka, sai ya ɗauki ƙwaryar ya kurɓa da kansa, ya ce, "Baba Ɗangiwa, ruwa na, ba komi ciki. Ita tag gano shi. Na iske ta tana tono, nig ga laima, niƙ ƙara zurfi."

"To mi as sa kaɓ ɓoye? Mata na kwasar laka a rijiya, kai kana nan da ruwa."

"Duba ka gani. Ƙwarya shida shika tarawa a wuni. In gari ya ji, sai a tattake shi. Jira nika shi ƙaru in faɗi."

Ɗangiwa ya leƙa. Ruwan kaɗan ne, gaskiya. Amma ya ga sawun shanu manya a yashin, ba na maruƙa kaɗai ba, kuma ba na jiya ba ne. Ya bar karyar ta sha ta ƙoshi, ya ajiye baka, suka yi ta tono su biyu har ruwan ya kawo musu gwiwa.

Maccido ya roƙe shi ya ba shi kwana biyu kafin a faɗa wa gari. Ɗangiwa ya ce a'a, daga nan gidan maigari za shi, in yana so su tafi tare.

Tare suka je, kuma Maccido ne ya yi bayani, kamar yau ya gani. Ɗangiwa bai ƙaryata shi ba. Ramin ya riƙe rabin gari har ruwan farko ya sauka. Sai dai matan da suka je ɗiba su ma sun ga sawun, magana ta bazu cewa ya daɗe yana shayar da shanunsa a ɓoye, aka daina sayen nonon gidan Maccido. Bayan girbi ya kaɗa shanunsa ya koma wajen dangin uwarsa a Sanyinna. Ɗangiwa ya raka shi har bakin ƙorama, suka yi sallama, kowa bai dubi idon ɗan'uwansa ba.