Kwana Huɗu Ba Labarin Yari

Ran Litinin aka fara faɗan Kaduna, kuma a lissafin Larai ran nan ne motar mijinta za ta ratsa garin. Yari direba ne, tumatir yake ɗaukowa daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko. Shekararsu goma sha ɗaya a Agege, a ɗaki ciki da falo bayan layin dogo, bai taɓa wuce Talata bai dawo ba.

Ran Talatar Larai ta wuni da rediyo a kunne, shinkafa ta ƙone a kan risho ba ta sani ba. Laraba da sassafe ta hau danfo, bas ɗin haya, ta tafi wajen Alhaji Ɗan'azumi, dillalin da Yari ke sauke wa kaya.

"Matar Yari, zauna mana," in ji shi.

"Ba zan iya zama ba, Alhaji. Akwai labari?"

"Motoci uku suka shigo, duk ta Birnin Gwari suka zagayo. Ba wanda ya gan shi. Ni ma ƙanena Ashiru yana cikin motar, shi ya rako kayan."

Ya yago bayan kwalin magi ya rubuta mata lambar wayar wani mai kemis a tashar Mando ta Kaduna, inda direbobi ke barin sallahu. Ya ce shi ya gwada tun jiya, layi ya ƙi shiga. Ta tafi rumfar buga waya a Ikeja, ta tarar da mutane har bakin titi, kowa Kaduna yake nema. Awa uku tana tsaye aka rufe.

Waya ɗaya ta sani da ba a bin layi. Mijin Mariamu maigadi ne a wata maɗaba'a a Ogba, ogansa yakan bar shi ya buga in an fita cin abincin rana. To amma rabon Larai da yi wa Mariamu magana tun Kirsimeti. Larai ce uwar zumuntar mata a ƙaramar majami'arsu ta masu jin Hausa, Mariamu kuwa ita ke bi da waƙa. Ranar bikin Mariamu ta canja waƙar da aka shirya, Larai ta tsayar da ita a gaban baƙi ta ce, "Ni ce uwar zumunta ko ke?" Mariamu ta ajiye tulun kiɗanta, ba ta ƙara zuwa ba.

Da Larai ta dawo gida ta kasa zama, ta kasa kwanciya. Ta share ɗaki sau biyu. Sai ta tuna gobe Alhamis ita ke da koyarwa a zumunta, Fasto ya ba ta, daga Littafi Mai Tsarki, wasiƙar da wani manzo ya rubuta wa wata ƙaramar ikilisiya yana ɗaure a kurkuku. Ta buɗe tana karantawa a tsaye. Mutumin godiya yake ta yi saboda 'yar gudummawar da suka aika masa, yana ta nanata musu su yi farin ciki. Ranta ya ɓaci.

"Ai shi ya san inda yake," ta faɗa a fili. "Ni ban san inda nawa yake ba."

Ta ci gaba duk da haka. Ya ce kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi. Can gaba ya kama sunan wasu mata biyu da suka yi aiki tare da shi, yana roƙonsu su shirya. Larai ta rufe littafin, ta tura shi ƙarƙashin matashi.

Alhamis da hantsi ta tarar da Mariamu tana suyar ƙosai a bakin layinsu. Sau biyu ta wuce rumfar kafin ta tsaya.

"Maman Safi, ina kwana."

Mariamu ta ɗago. Idonta ya kumbura. "Lafiya, uwar zumunta."

"Bar wannan sunan. Na yi miki laifi a gaban mutane, ki gafarta mini. Kuma ba zan ɓoye miki ba, buƙata ce ta kawo ni. Da ba ita ba, ban san ko zan zo ba."

Mariamu ta kwashe ƙosan da ke cikin mai kafin ta amsa. "Na ji zancen Baba Yari. Na so in zo, na ce ƙila ki kore ni. Mamata tana Kakuri. Kullum ina Ogba wajen waya tun Talata."

Larai ta ji kunya ta rufe ta. Ko sau ɗaya ba ta tuna Mariamu 'yar Kaduna ce ba.

Acaɓa ɗaya suka hau. A ɗakin maigadin suka zauna har ma'aikata suka fita, mijin Mariamu ya shigar da su ofis. Mariamu ta ce Larai ta fara. A bugu na bakwai aka ɗauka. Mai kemis ya ce a jira, ta ji ana ƙwala kira, sai ga muryar Yari, a dishe.

"An ƙone motar. Ashiru ne ya sa mini hularsa, ya kai ni gidan surukansa a Kawo, kwana biyu ina ɗakin tsohuwar. Da wani wuri ne, da ni zan ɓoye shi. Ki je ki gaya wa Alhaji yana nan lafiya."

Larai ta durƙusa a ƙasa da kan wayar a hannu tana kuka tana dariya. Sai ta ga Mariamu tsaye da tata takardar lambar, ta yi maza ta miƙa mata. Suka buga har ma'aikata suka dawo, ba a ɗauka ba.

A hanya Larai ta rasa yadda za ta yi da murnarta. Mariamu ce ta ce, "Ki yi godiyarki, Yaya, kada ki haɗiye ta saboda ni. Yau dai na ji muryar mutum ɗaya daga garin nan."

Da yamma a zumunta Larai ba ta yi wata koyarwa ba. Ta karanta wurin, ta faɗi abin da ta yi wa Mariamu a gaban waɗanda ta yi shi, ta zauna. Aka yi addu'a domin Kakuri, da gidan da ya ɓoye Yari.

Yari ya iso ran Lahadi a bayan motar albasa, shi da Ashiru. Labarin maman Mariamu bai zo ba sai bayan kwana tara: tana barikin soja da ƙonuwa a ƙafa, ƙanen Mariamu kuwa ba a gan shi ba. Mariamu ta shiga motar Kaduna washegari. Larai ta raka ta tasha, ta dawo ta kwaso Safi da ƙannenta zuwa ɗakinta, ta jiƙa wake don ta riƙe wa Mariamu rumfar ƙosai. Kaskon farko ya ƙone, wata Bayarabiya da ta saba saye ta tsaya ta nuna mata yadda ake rage wuta.