Sifirin Kawu Salihu

Tun hantsi Sakina take zaune a gindin darbejiyar makaranta, don nan ne kaɗai sabis ɗin intanet yake kamawa a ƙauyen, ta tasa kwamfuta gaba kamar mai jiran a sallame ta daga asibiti. Layi arba'in ne a allon. Goma sha bakwai sun yi kore, ashirin da uku sun yi ja, sun kafe.

Wata ƙungiyar noma ce daga garin Hasahisa ta kawo musu 'yan na'urori, kowacce ba ta wuce sabulun wanki ba, aka kafa ɗaya a kowace hawasha, wato gonar da aka yanka wa kowane manomi. Na'urar tana auna damshin ƙasa ta aika can inda ake tara bayanai, wanda masu abin suke kira girgije. Wanda tasa ta shiga rajista kafin la'asar ɗin Alhamis, shi za a buɗe wa ruwa ranar Juma'a. Wanda ba ta shiga ba, sai bayan mako biyu. Yau kuma Alhamis ce, ga alkama ta fara fitar da kai, lokacin da ba ta yafe ƙishirwa.

Sakina ce aka ɗora wa aikin saboda ita ta yi karatun gona, sai ka ce karatun gona ya haɗa da lallashin kwamfuta. Ta sake loda jerin lambobin sau uku. Ta kashe ta kunna. Ta ɗaga kwamfutar sama har hannunta ya gaji. Ta kira Alamin, ma'aikacin ƙungiyar, ya ce mata, "Shabaka ce, ya ustaza, ki yi haƙuri," wato laifin sabis ne, kuma ta san ko akuya ce ta ɓace haka zai ce.

Abin da ya fi ɗaure mata kai, jajayen ba gefe ɗaya suke ba, balle ta ce nisa ne. Gonar Indo ta yi kore, ta maƙwabcinta da suke raba kunya ɗaya ta yi ja.

Tana cikin haka sai ga Kawu Salihu, wan mahaifiyarta, shi ne samad, mai kula da rabon ruwa tun kafin a haife ta. Shi ya bi gonakin jiya da ƙafa yana karanto mata lambar kowace na'ura ta waya, ita kuma tana bugawa.

"Ɗiyata, girgijen naku bai amsa ba?" Ya ɗaga kai ya dubi sama, fes take ko ɗigo babu. "Ni dai na hwaɗi, girgije cikin ɗari sai an yi wahala."

"Kawu, ba wannan girgijen ba ne."

"To wane?"

Ita ma da za a matsa mata ba za ta iya nuna inda yake ba. "Naka ma ja ne," ta ce.

"Nau? Ni da nak kahwa shi da hannuna?"

Haushi ya sa ta rufe kwamfutar ta ce su je ta gani da idonta. Suka bi gefen magudanar ruwa zuwa gonar da ta fi kusa cikin jajayen. Kawu ya tsuguna, ya goge ƙurar da bakin rawaninsa, ya karanta da ƙarfi irin na mai tabbacin abinsa: "Arba'a, wahid, khamsa, tis'a."

Sakina ta leƙa. Abin da ke jiki 4109 ne, shi kuwa 4159 ya karanta da Larabci.

"Kawu, ina khamsa a nan?"

"Ga ta nan, zagaye. Ke ba ki gani?"

Sai da ta zauna a kan kunya. A lambobin Larabci da Kawu ya tashi da su, biyar ce zagayayya, sifiri ɗan ɗigo ne kawai, shida kuwa kamar bakwai ɗin boko take. Ɗaya da tara duk kusan kamarsu guda, shi ya sa idonsa ya sake. Duk inda ya ga sifiri ya ce biyar, duk inda ya ga bakwai ya ce shida. Dariya ta zo mata, ta haɗiye, don fuskar Kawu ta riga ta faɗi.

"Ashe ni na riƙe ruwan mutane," ya ce a hankali.

Ba ta tsaya ba shi haƙuri ba, lokaci ya ƙure. Suka bi gonakin, tana ɗaukar hoton kowace lamba, shi yana gaba yana nuna hanya. Ana dab da kiran la'asar ta koma gindin darbejiya, ta gyara jerin ta loda. Layukan suka riƙa juyawa kore ɗaya bayan ɗaya, har talatin da tara.

Ɗaya ya rage, na Kawu. Ta duba hoton, ta duba jerin, ta sake dubawa. 4156, babu sifiri babu bakwai, daidai ya karanta shi tun jiya. Sai yanzu ta lura saƙon da ke gefensa daban ne: an riga an yi rajistar wannan lamba. Ta kira Alamin. Ya bincika ya ce ƙauyen da ke gaba da su ne, wani ya shigar da 4156 a madadin 4107, kuma cirewa sai maktab, wato ofishinsu, ya buɗe ranar Lahadi.

Ta yi wa Kawu bayani sau biyu kafin ya gane.

"Wa ak karanta musu?"

"Samad ɗinsu, Bilyamin."

"Bilyamin! Allo guda munka yi da shi." Ya yi 'yar dariya. Tausayinsa ya kama Sakina har ta kasa kallonsa.

"Kawu, bari in sake kiran..."

"Khalas, shi ke nan, ɗiyata. Gobe ni ka buɗe ma mutane ruwa, in na zo ƙohwar tawa in wuce." Ya karkaɗe jallabiyarsa. "Tashi mu tai, salla na wucewa."