Aron Hannun Inna

Abin ya fara ne bayan Kawu ya yi ritaya daga kantin magani. Ya sayo tsohon fiyano, ya duƙufa wajen tsara fug, wato kiɗan da murya ɗaya ke farawa, sauran su biyo sawunta.

Sai da ya gayyato abokansa saurare, sannan ya gano muryoyin da ya jibga sun fi ƙarfin yatsu goma. Ya roƙi matarsa, Inna, aron hannu.

"Wato ka fara, ni in maimaita?" in ji ta.

"Ƙa'idar ke nan."

"Tun aurenmu nake wannan kiɗan, Malam, ba a taɓa tafa mini ba. Hannuna ba zai hau fiyanon nan ba."