Ranar da Aka Bar Nienke Ta Gama Magana

Nienke Bosma ba ta ko gama karanta taken bincikenta ba, Wouter ya katse ta, bakinsa cike da burodi da cuku.

"Tsaya tukuna. Me ya sa Moldoba?"

"Zan zo wurin a shafi na huɗu."

"To, ki zo yanzu mana."

Aka yi dariya. Wouter Kuipers shi ne shugaban sashen, kuma shi ne shugaban kwamitin da zai ba mutum ɗaya cikin uku kujerar koyarwa ta dindindin. Nienke ta haɗiye abin da ya taso mata, ta amsa. Kafin ta rufe baki wani ya jefo tasa tambayar daga baya.

Haka masana tattalin arziki suke, kowa ya sani. A sauran sassan jami'a mutum yakan gama jawabinsa, a tafa, sannan a yi tambaya. Su kuwa kana buɗe baki za su yi maka ca, wai alamar girmamawa ce. Da safe ma, a wurin ajiye kekuna, abokin aikinta Joost sai da ya tuna mata.

"In suka yi miki rubdugu, ki gode wa Allah. Wanda ya zo jiya ai sun bar shi ya yi ta zuba shi kaɗai, Wouter yana latsa waya. Kin san ma'anar shirunsu."

"Na sani, Joost. Jana'iza."

"Yawwa. Ki dai riƙe wannan zuciyar taki ta mutanen yankinku na Firislan."

Ta riƙe kuwa, iya riƙewa. Kwantiraginta zai ƙare da bazara, kuma an gaya mata ƙarara ba za a sabunta ba. Abin da ya rage mata a hannu shi ne aikin shekara ɗaya a wani gari can arewacin ƙasar Suwidin, da ɗaki ɗaya a gidan baƙi. Ba za ta ja 'yarta Fenna zuwa can ba. Yarinyar shekararta shida, garinta uku, kuma a ƙaurar ƙarshe sai da ta yi watanni ba ta magana da kowa a makaranta. In kujerar nan ta kuɓuce, Fenna za ta zauna wurin kakarta a ƙauye, uwarta ta tafi.

Rabin lokacin ya wuce, majigi yana nan a shafi na uku. Shekara biyu ta yi a ƙauyukan ƙasar Moldoba, inda mata suke tafiya Italiya jinyar tsofaffin wasu, su bar 'ya'yansu wa kakanni. Ta bi makarantu ɗaya bayan ɗaya, ta kwana a gidajen da ba famfo. Abin da ta gano yana shafi na ƙarshe, kuma ba a taɓa barinta ta kai shafin nan ba. Ko sau ɗaya, a duk inda ta je.

"Ta yaya kika san ba matan da 'ya'yansu suka fi ƙoƙari ne suke tafiya ba?"

"Shafi na tara."

"Kin duba farashin inabi a shekarun?"

"Shafi na goma sha ɗaya."

Sai Bram ya miƙe ƙafafu. Bram ɗin nan bara aka ba shi kujerarsa, da binciken ƙasashe arba'in da bai taɓa taka ko ɗaya ba. Ya nuna hoton da ke kan allo da kofin madararsa: wata tsohuwa da jikokinta uku a bakin ƙofa.

"Ni fa ban gane ba. Akwai alƙaluman hukuma, sati ɗaya ya isa. Shekara biyu? Gaya mana gaskiya, Nienke, giyar can ce ta yi daɗi, ko kaka ce ta iya girki?"

Ɗakin ya sake fashewa da dariya, har da Wouter. Tsohuwar nan Nienke ce ta riƙe mata hannu ranar da aka kawo gawar 'yarta daga Italiya.

Ta ajiye abin canja shafin a kan tebur da ƙarfi, har murfin batirin ya yi tsalle.

"Bram, rufe mini baki."

Joost ya sunkuyar da kai.

"Alƙaluman hukumar da kake taƙama da su, sun rubuta yaran nan suna aji. Ni na je ajin, ba sa nan. Kai ka taɓa zuwa ko'ina ban da wurin injin dafa kofi? Haba! Tun da na tsaya nan kuke tambayata abin da ke shafi na gaba, kamar yaran da ba za su iya jiran a sauke tukunya ba. Ba amsa kuke so ba, so kuke a ji muryarku. Wallahi na gaji. Wouter, sauke hannunka. Har kai. Ku yi mini shiru in gama, sannan ku tambayi duk abin da kuka ga dama."

Wouter ya sauke hannun a hankali. Ya goge bakinsa.

"Bismillah," ya ce. "Ɗakin naki ne."

Suka yi shiru kuwa.

Shafi na huɗu ya wuce, na tara ya wuce, na goma sha ɗaya da farashin inabinsa ya wuce, ba ko tari. Ta kai shafin ƙarshe, karo na farko a rayuwarta. Idan uwa ta tafi, ƙananan yara sukan ƙara ƙoƙari a makaranta, don an samu takalmi da littafi. Babbar 'ya mace kuwa takan ɓace daga aji cikin shekara biyu, domin ita ce ta zama uwar. Kuma ko uwar ta dawo, yarinyar ba ta komawa.

Ta juyo ta dube su. Bram yana kallon rufi. Wata farfesa tana tattara ɓurɓushin burodi da ɗan yatsa. Wouter yana latsa waya.

"Tambaya?" in ji Nienke.

Babu hannu ko ɗaya.

"Na ce yanzu ku tambaya."

"Ai komai ya fito sarai," in ji Wouter cikin ladabi, irin ladabin da bai taɓa yi mata ba. "Mun gode ƙwarai. Za ki ji daga gare mu."

Aka tafa kaɗan, aka watse. Joost ya tsaya yana taya ta naɗe wayar majigi.

"Aikin ya yi kyau, Nienke. Shafin ƙarshen nan..."

"Ka ga kyansa, me ya hana ka ɗaga hannu?"

"Ke kika ce a yi shiru."

"Na ce a yi tambaya daga baya!"

"Wa ya taɓa tambaya daga baya a gidan nan?"

Ta fizge wayar daga hannunsa ta cusa a jaka.

A waje ana yayyafi. Ta kwance kekenta, ta share kujerar Fenna da ke baya da hannun riga, kamar yadda take yi kullum. Ba ta hau ba. Ta tsaya ƙarƙashin rumfar, ta kira mahaifiyarta, matar da ba ta taɓa barin kowa ya kai ƙarshen zance ba.

"Mama, ɗakin nan na sama, wanda kike ajiye keken ɗinki. A kwashe kayan. Gadon Fenna zai shiga, na taɓa aunawa. Makarantar ƙauyen kuma zan kira su gobe. Zan riƙa zuwa duk hutu, da Kirsimeti, da ranar haihuwarta in an samu jirgi. Shekara ɗaya ce kawai, Mama."

Ta ji kalmar a bakinta. Duk matan Moldoba da ta yi hira da su, da shekara ɗaya suka fara.

A ɗaya ɓangaren babu motsi. Tsohuwar ta bar ta ta faɗi komai, har ƙarshe.

Nienke ta matse wayar a kunnenta.

"Mama, don Allah ki ce wani abu."